Angon Fim ɗin Afirkans

A kasuwar Woolwich da ke Landan Uwaisu ya fara ganin Zinatu. Yana riƙe da makirfo a kan doguwar sanda yana naɗar hayaniyar kasuwa, sai ya ji wata tana faɗa a waya da Hausa cewa ga wani mahaukaci can yana kamun kifi a sama.

"Hajiya, mahaukacin yana jin Hausa," in ji shi.

Ledar tattasai ta kusa suɓuce mata.

Ya yi mata bayani cewa shi ne mai ɗaukar sauti a wani fim na yaren Afirkans na Afirka ta Kudu, da aka ciro daga gajeren labarin wata Musulmar Cape Town da ta zo aure Landan. Zinatu kuwa nas ce a Camberwell. Kafin hunturu ya wuce, ta zama "Zinata", shi kuma "Kifina".

Mahaifinta, Dakta Muhsin, da ƙyar ya amince da ɗan fim. Ana shirin sa rana, Suhaib, ɗan abokinsa da Zinatu ta taɓa ƙi, ya kawo masa tallar fim ɗin a waya. Ga Uwaisu da rawani, ga liman, ga amarya, ana shafa fatiha.

Dakta ya kalla har ƙarshe bai ƙifta ido ba. Ya ce aure ko da wasa aka ɗaura shi ya ɗauru, don haka Uwaisu mijin wata ne, kuma ya ɓoye.

Zinatu ta ɗauki waya. Ta tura wa Uwaisu saƙo: "Kifina, ashe kana da mata?"

Amsa ta zo nan take: "Zinata, wallahi ba ni da kowa sai ke. An yi cancel ɗin jirgin ɗan wasan da zai fito a ango ne, aka sa ni a gurbinsa. Kunya ta hana ni faɗa. Ki roƙi Abba ya zo ya gani."

Ranar Asabar Dakta ya je wurin ɗaukar fim ɗin a Tottenham, fuska a ɗaure. Ya tambayi waliyyin amarya, aka ce babu. Amaryar kanta ta zo gaishe shi da mijinta da 'ya'yanta uku. Ya ce to a kira masa limamin.

Wani dattijo ya fito yana ɓamɓare gemun roba daga haɓarsa, ya miƙa hannu, ya ce sunansa Hosea, gobe ma shi ke jan waƙa a coci.

Dakta ya nemi kujera ya zauna. Ya jima yana kallon gemun a hannun Hosea, sannan ya juya ga Uwaisu da ke durƙushe.

"Tashi. Ka turo magabatanka. Amma limamin ni zan zaɓa."

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a, 'yan fim ɗin sun cika bayan masallaci suna ta cewa amin. Zinatu ta tare a ƙaramin flat ɗinsu na Woolwich, iyaye na sa albarka. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.