Akuyar Amana da Jakar Kaba

Akwatin ƙarfe ɗaya. Takardar shaidar makaranta. Wuƙaƙen aiki, allura, zaren ɗinki, kwalbar alkol na goge rauni. Rediyo mai kaset. Dabino a baƙar leda, tsarabar gida.

Abin da Lawali yake ɗauke da shi ke nan a bayan kamiyon da ya baro Damagaram ya nufi Gangara. Daga Dakar ya dawo, inda ya karanta aikin likitan dabbobi. Ba a daɗe da fita daga babban fari ba, ƙasusuwan shanu suna nan zube a gefen hanya.

Bayan Bakin Birji motar ta faɗa rami. Ledar ta kama ƙusa ta yage, dabino ya gangara ƙarƙashin ƙafafun mutane.

"Malam, arzikinka yana gudu," in ji wata budurwa da ke zaune a kan buhun gero.

Ta juye kayan da ke cikin jakarta a gefen zane, ta miƙo masa. Jakar kaba ce, saƙa mai ƙarfi, da jan layi a baki.

"Zuba a nan. Wannan ba ta tsoron ƙusa."

"Wa ya saƙa ta?"

"Mai ita."

"Mai ita tana da suna?"

"Tana da shi. Fara tsince dabinonka tukuna, ga tsoho can ya ci uku."

Kafin su shiga gari ya san sunanta Zalika, ɗiyar Malam Dodo manomi, kuma ita take saƙa jakunkuna ta kai kasuwa. Da suka sauka bai mayar da jakar ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Da jakar ya fara zuwa zance. Ya kawo ta da goro ko sabulu, ta juye, ya koma da ita wayam.

"Malamin awaki, yaushe za ka ba ni kayana?"

"Ranar da na rasa dalilin zuwa."

"To ka riƙe. Amma ka daina saka kwalbar magani a ciki, tana wari."

"An gama, Mai kaba."

Ba shi kaɗai yake zuwa ba. Akwai Attahir mai kanti, wanda ya fara kawo leda Gangara. Shi ba ya zuwa da hannu ɗaya. Gishiri a shuɗiyar leda, ƙuli-ƙuli a ja, manja a mai ratsi-ratsi. A lokacin leda abin ado ce a nan ƙasar Damargu. Inna Kadi, uwar Zalika, takan ɗauraye su ta shanya a kan danga, ta bar su har kwanaki, don duk mai wucewa rijiya ya ga abin da ake kawo wa ɗiyarta.

"Wancan ya yi karatun lakwal har bakin teku," takan ce, "ya dawo yana yawo da jakar kaba kamar mai tallar kuka. Jakar ma tamu ce!"

A gindin dangar ake ɗaure akuya. Ja ce, mai farin goshi, kuma ba ta gidan ba ce. Fari ya share garken Malam Dodo, bai bar masa ko ɗan akuya ba. Sai amininsa Idi, Bafillace makiyayi, ya ba shi ita habbanaye: ya riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma wa mai ita. Ba a sayar da akuyar habbanaye, ba a yanka ta, ba a wasa da ita. Wanda ya bar ta ta lalace a hannunsa, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Da cikin akuyar ya fara tasowa, gidan ya cika da murna. Malam Dodo yana shafa ta yana cewa tagwaye ne. Inna Kadi ta riga ta raba nonon a baki.

Wata la'asar Lawali ya tarar da Attahir a kan tabarma tare da Malam Dodo, ana yabon akuya. Ya dube ta. Ƙashin bayanta ya fito, gashinta ya tashi, ba ta tuƙa. Ya durƙusa ya danna cikinta ta hagu, ya daɗe yana dannawa.

"Baba, wannan ba ciki ba ne."

"Me ka ce?"

"Ba ɗa a ciki. Leda ce. Tana jin ƙanshin gishiri da mai, tana ja daga danga tana haɗiyewa. Ba ta narkewa. Ku kwashe su yau."

Bai iya zagaye magana ba, a makaranta ba a koya masa ba. Attahir ya yi dariya har da tafa hannu.

"Likita, in kishi kake ka faɗa. Akuya ta zama kanti?"

Inna Kadi ta leƙo daga madafa. "Wato ni na ba amanar mutane guba? A gidana za ka faɗa mini haka?"

Malam Dodo ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Yaro, na yi kiwo tun ba a haife ka ba. Ka yi wa akuyata mugun baki, ka kunyata iyalina a gaban baƙo. Ɗauki jakarka. Kada ka sake tako gidan nan."

Zalika tana tsaye a bakin zaure. Ba ta dube shi ba.

Ranar kasuwa ya je inda take baje jakunkunanta. Ta kawar da kai. Ya ajiye jakar mai jan layi a cikin sauran, ya wuce. Da ta ɗaga ta ji nauyi. Kaset ne a ciki. Ta jira har Baba ya tafi gona, Inna ta shiga maƙwabta, ta saka a rediyon gidan.

"Zalika, ni ne. Na yi rashin ladabi a yadda na faɗa, wannan na yarda. Abin da na faɗa kuwa ba zan janye ba. Ba don Attahir na faɗa ba. Ki sa hannu a cikinta ta hagu, ki danna. Ɗa yana motsi, yana zillewa. In kin ji abu mai tauri kamar dunƙulen tsumma, ki tuna da ni. In kin ji ɗa, ki manta da ni. Mai kaba, gidanku ne kaɗai wurin da nake jin na dawo gida."

Ta kashe rediyon. Ta je ta danna. Sannan ta kwashe ledojin da bakin akuyar zai iya kaiwa, ta ɗauki kaset ɗin ta yi magana a ɗaya gefen, ta ba wani yaro ya kai masa.

"Malamin awaki, na danna. Ba ya motsi. Amma Baba ya rantse, Inna kuma ba ta gama fushi ba. Ni ma ban gama ba, ka sani. Jakarka tana nan, ban sayar ba."

Lokacin haihuwa ya zo ya wuce. Akuyar ta daina cin dusa. Wata safiya ta kwanta ta kasa tashi. A ranar ne kuma masu zuwa daga Belbeji suka ce sun ga garken Idi yana gangarowa kudu.

Malam Dodo ya zauna a gaban akuyar da wuƙa a hannu. In ya yanka, ya yanka abin da ba nasa ba. In ya bari, ta mutu a banza. Ko wanne ya yi, ba shi da fuskar da zai tari Idi da ita.

Zalika ta yafa mayafi.

"Ina za ki?" in ji Inna Kadi.

"Kiran wanda ya faɗi gaskiya."

"Babanki ya hana shi gidan nan!"

"Bai hana shi gindin itacen bedi na ƙofar gida ba. A fito da akuyar waje."

Ta ratsa gari da rana tsaka, ta shiga gidan likitan dabbobi a gaban kowa. Suka dawo tare, shi da akwatin aiki, ita da kwalbar alkol. Mutane suka biyo su.

Lawali ya tsaya a wajen danga ya gaida Malam Dodo a durƙushe.

"Baba, sai an buɗe cikinta. Ba zan ɓoye muku ba, sau ɗaya na taɓa yi, a makaranta, malami yana tsaye a kaina. Ta yi rauni. Tana iya mutuwa a hannuna."

"In ta mutu a hannunka," in ji Malam Dodo, "ni na ci amana, kai ka kashe. Ba ni, ba kai, ba maganar ɗiyata har abada."

Lawali ya dubi Zalika.

"Me kake kallo?" ta ce. "Wanke hannunka."

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Ya aske gefen hagu, ya yi allurar kashe zafi, ya goge da alkol. Zalika ta danne wuyan akuyar da gwiwa, tana yi mata magana a kunne. Ya tsaga fata, ya tsaga tumbi. Wari ya tashi, mutane suka ja baya. Ya zura hannu har wuyan hannu, ya jawo.

Abin ya fito a murɗe kamar igiyar rijiya. Ya ja, ya ƙi ƙarewa. Baƙa, shuɗiya, ja, mai ratsi-ratsi. Ya tara a cikin kwatanniya har ta kusa cika.

Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu! Kadi, ga ledar manjan nan da kika yi ta nema."

Kowa ya juya wajen Attahir.

"Ni na ce ta ci?" in ji shi. "Ni gishiri na kawo!"

Lawali ya ɗinke tumbi, ya ɗinke fata, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Zalika ta goge masa da gefen mayafi, ba ta damu da masu kallo ba.

"Yanzu fa?" ta ce.

"Yanzu sai jira. In ta yi tuƙa, ta tsira."

Akuyar ta kwana, ta wuni, ido a lumshe. Malam Dodo bai je gona ba. Da hantsin wata rana Zalika ta fito da ruwa, ta tarar da ita a tsaye, muƙamuƙinta yana juyawa a hankali. Ta ajiye ƙwaryar ta rangaɗa guɗa, ita da ba a taɓa jin ta yi ba.

Malam Dodo ya aika aka kira Lawali. Wannan karon har cikin gida.

"Bakinka ba shi da daɗi," ya ce.

"Haka ne, Baba."

"Amma hannunka yana da shi. Ka turo manyanka."

Inna Kadi ba ta ba kowa haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta tsige sauran ledojin daga danga. Ranar kasuwa ta ɗora dunƙulen da aka ciro a kan faifai, ta zauna da shi kusa da jakunkunan ɗiyarta.

"Ku zo ku gani! Daga cikin akuya ɗaya! Surukina ne ya ciro, wanda ya yi karatu a bakin teku. Ke mai awaki, a me kike kai gishiri gida?"

Kafin azahar ba sauran jaka a gaban Zalika. Matan garin Ollelewa suka ba da sautu. Da kasuwa ta zagayo, sai ga Attahir yana tambaya ko za a saƙa masa wasu ya rataye a kanti.

Idi ya iso da garkensa. Ya durƙusa ya bi ɗinkin da yatsa, ya saurari labarin har ƙarshe.

"Dodo, ta zauna a wurinka sai ta haihu, kamar yadda muka yi." Ya juya wajen Lawali. "Kai kuma, akwai ƙanwarta a garke. Ranar da ka yi gida, ka zo ka kama."

Bayan an kai gero rumbu aka ɗaura aure. Kayan amarya suka fito a kwanduna da ƙore da jakunkunan kaba, jere a kan mata, ba leda ko ɗaya. Malam Dodo ya dafa kan ɗiyarsa ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai riƙon amana, ya cika musu garke. Jama'a suka ce amin. Inna Kadi ta yi kuka, sannan ta yi faɗa da masu ɗaukar kaya.

Ana cikin makon amarci Lawali ya fita kasuwa. Ya dawo da nama, yana fara'a, ya yi sallama. Zalika ta buɗe ƙofa. A bayanta, a tsakar gida, ƙanwar jar akuya tana cin harawa.

Ta dubi hannunsa. Baƙar leda ce.

"Mahaucin ne ya saka," ya ce. "Na manta jakar."

Ta kawo akushi ta juye naman. Ta miƙa masa ledar, ta rataya masa jakar mai jan layi a kafaɗa.

"Mai kaba, rana ta yi zafi fa."

"Na gani, Malamin awaki. Mayar masa da kayansa, ka dawo ka ci abinci."

Ta tura ƙofar ta rufe. Daga ciki ya ji muryarta, da dariya a ciki.

"Leda ba ta shiga gidan nan, ko ango ne ya kawo ta."