Kalmar da Dorin Ya Hana Mamaci

Talata ce, ƙarshen Nuwamba. Yayyafi tun safe. Kafin yamma hazo ya sauko daga duwatsu ya kwanta a kan garin Onesti.

Dorin ya ajiye tirelarsa a bayan kasuwa, ya shiga shagon kayan lantarki da ruwa a kafaɗa. Direban doguwar hanya ne, mutum mai ƙarancin magana saboda i'ina. Abu ɗaya yake yi don jin daɗi. Idan ya tsaya hutu sai ya kunna wasan bidiyo na tseren mota a cikin kan tirela, yana watsawa kai tsaye, 'yan uwansa direbobi suna kallo ta waya. Ɗan akwatin da ke ɗaukar hoton wasan ya tura wa jama'a ya ƙone masa a hanya. Sabo ya zo nema.

Mai shagon, Fanel, ko ɗago kai bai yi ba.

"Yau kuma me ka ƙona, yallaɓai?"

"Akwatin ɗ-ɗauka."

Fanel ya dire guda biyu a kan kanta.

"Wannan arha ne, amma ba ya motsi sai da kwamfuta. Kana da wurin ajiye kwamfuta a wancan kejin naka?"

"Babu."

"To ga wannan. Hoto tas. Murya ce take zuwa a makare. Ka yi karo yau, a ji ihunka gobe. Kai dai ba za a gane bambanci ba."

Dorin ya haɗiye wannan. Ya juya akwatin, ya leƙa ramukan bayansa, ya ajiye.

"Mai k-katin ajiya nake so. Wanda ke ɗauka da kansa, ya ci wutar mota, ya shiga aljihu."

"Irin na Silviu ke nan."

Dorin ya kawar da kai.

Silviu direba ne a kamfaninsu, shi ma yana watsa wasa, kuma ya fi shi 'yan kallo nesa ba kusa ba. Da kwaikwayon i'inar Dorin ya tara rabinsu. Do-do-dorin. Sunan ya bi hanya har bakin iyaka. A gidan mai ma yaran da ke zuba dizal da shi suke kiransa. Silviu ya mutu a hatsari, ba a yi arba'in ba tukuna. Dorin bai je jana'iza ba.

"Babu irinsa a garin nan sai nasa," in ji Fanel. "Uwarsa ta kawo mini tana tambayar ko mene ne. Na ce zan saya, saura kaɗan ta maka mini lema. Direba take nema ta ba shi sadaka. Je ka mana. Ko banza ka ci gadon masoyinka."

Ya fashe da dariya. Dorin ya fita bai rufe masa ƙofa ba.

Tanti Aurica, wato Inna Aurica, uwar Silviu, tana zaune a wani tsohon bene kusa da tashar jirgi. Gajeriyar mace ce cikin baƙaƙen kaya. Ɗakin yana warin kakin kyandir da dafaffiyar alkama. An rufe madubi da tawul, an rufe talabijin da zanen gado. Ta kalli rigar kamfanin da ke jikinsa, ta kalli fuskarsa, ta juya ta ɗauko akwatin.

Baƙi ne, bai kai tafin hannu ba. Kusurwa ɗaya ta goge saboda riƙo.

Ta kunna siririn kyandir, ta haɗa shi da akwatin da ɗan burodi, ta miƙo masa ta saman tebur da hannu biyu.

"Don ran Silviu."

Al'adar ba ɓoyayya ba ce. Abin da aka ba rayayye sadaka da sunan mamaci, shi mamacin yake samu a can. Amma ba ya isa gare shi sai mai karɓa ya ce bogdaproste, wato Allah ya gafarta masa. Ɗan yaye ma ya san wannan.

Dorin ya zare akwatin kaɗai daga hannunta.

"Faɗi mana, ɗana."

"Nawa ne k-kuɗinsa, tanti?"

"Ba na sayarwa ba ne. Kalma ɗaya kawai."

"Ɗanki ya yi maganar da ta ishe mu ni da shi."

Kyandir yana ɗiga a kan yatsunta, ba ta sake shi ba.

"Na gane ka tun daga ƙofa," ta ce. "Ta bango nake jin sa yana yi. Na hana shi, bai ji ba. Bakinsa ba kyau, na sani, ni na haife shi. Amma yanzu hannunsa wayam yake a can."

"Ya zauna haka."

"Kai ba za ka mutu ba?"

Ya sa akwatin a aljihu ya fita. Yana sauka a matakala muryarta ta biyo shi, ta canza, ta yi kaushi.

"In bai same shi a can ba zai zo nema! Tun yana yaro ba ya barin kayansa a hannun wani!"

Wata ƙofa ta buɗe a ƙasa, ta sake rufewa da sauri.

Kayan da ya ɗauko na Brasov ne, hanyar kuwa ta cikin duwatsun Oituz take bi. A wannan watan duhu ba ya jiran kowa. Kafin ya kai tsakiyar hawa, fitilunsa ba sa nuna komai sai farin hazo da jiƙaƙƙun itatuwa. Lokacin tuƙinsa na ranar ya ƙare. Ya ratse a wani fili na tsakuwa a gefen hanya, inda ƙasa ta ɗan gangara zuwa bakin kwazazzabo. Ba shago, ba wata mota. Can ƙasa ana jin ruwa yana gudu.

Ya ja birkin tsayuwa. Iska ta yi tsaki a ƙarƙashin mota. Ya kashe inji.

Ya jona komai yadda ya saba. Na'urar wasa zuwa akwati, akwati zuwa ƙaramin allo, makirufo, da 'yar kyamarar da ke kallon fuskarsa. Ya jingina waya a jikin gilashi don ya ga abin da jama'a ke gani. Jar fitila ta kama a goshin akwatin.

Kaya ne na gaske. Hoto ba rawa, murya ba jinkiri. Dorin ya yi murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ci tsere na farko. Mutane suka fara shigowa. Ruwa yana taɓa rufin mota a hankali.

A tsere na biyu ya ji wari.

Kakin kyandir. Da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ya shinshina rigarsa. Ya ce daga ɗakin tsohuwar ya kwaso. Ya ci gaba.

Wani direba mai suna Gelu ya rubuto: "Wa ka ɗauko a hanya?"

"Ni k-kaɗai ne," in ji Dorin.

"To wa ke numfashi a makirufo?"

Wani ya rubuta: "Ka daina wasan banza, ba daɗi."

Dorin ya riƙe numfashinsa ya saurara. A cikin abin kunnensa numfashin bai tsaya ba. A hankali yake fita, da ɗan kurji, kamar na mai mura.

Ya kalli waya. A kusurwar hoton ga fuskarsa, ga labulen gadon da ke bayan kujera. A wayar labulen a buɗe yake kaɗan. Yatsu ne suka riƙe bakinsa.

Ya waiga.

Labulen a rufe. Ko motsi babu.

Ya sake kallon waya. Buɗewar ta ƙaru.

Motarsa ta cikin wasa ta daki bango. Bai kula ba. Sanyi ya taso daga bayan kujera ya kwanta masa a wuya. Gilashi ya fara yin gumi ta ciki.

Sai muryar ta zo, can ƙasa, dab da kunne.

"Do-do-dorin."

Ya fizge abin kunne ya jefar.

"Do-do-dorin."

Wannan karon daga bayansa ta fito.

Ya cire igiyar wuta daga akwatin. Jar fitilar ba ta mutu ba. Ya cire sauran igiyoyin duka. Allo ya yi baƙi, waya ta yi baƙi. Ita kaɗai ta rage a cikin duhun, ja, ba ta ƙiftawa.

Katifar gado ta yi ƙara. Irin ƙarar da take yi idan mutum ya tashi zaune.

Dorin ya kai hannu ƙofa. Ya ja. Ya sa kafaɗa. Kamar an yi mata walda.

A gefen sitiyari wani abu ya yi ƙas.

Birkin tsayuwa ne ya sauka da kansa.

Iska ta yi dogon tsaki. Tsakuwa ta fara magana a ƙarƙashin tayoyi.

Ya taka birkin ƙafa. Ya tafi har ƙasa, ba komai a cikinsa. Ya ja na hannu, ya koma. Ya murɗa makulli. Shiru.

Motar tana tafiya. A hankali, da nauyin kayanta duka a baya. Ƙarar ruwan kwazazzabo tana matsowa.

Hannu ya sauka a kan nasa, wanda ke riƙe da akwatin. Sanyinsa ya shiga har ƙashi.

"Ba ni."

Dorin ya buɗe yatsunsa. "Ɗ-ɗauki! Ɗauki abinka!"

Akwatin ya ratsa ta inda hannun yake ya faɗi a ƙasan mota. An yi ta laluben sa. Dorin yana jin farce yana karce roba, yana kamawa, ba ya kamuwa.

"Ba haka ba," in ji muryar. Babu dariya a cikinta yanzu. "Ka sani. Faɗi."

Reshen itace ya goga jikin mota.

Dorin ya buɗe baki.

"Bo... bo..."

Harshe ya maƙale. Muƙamuƙi ya ƙage. Tun yana ɗan makaranta haka tsoro yake yi masa.

"Bo... b..."

Kan tirela ya fara sunkuyawa.

Kuma a nan, a bakin rami, abin da ke bayansa ya kasa daurewa. Ko mutuwa ba ta raba shi da halinsa ba.

"Bo-bo-bo," ya ce, a hankali, da muryar Dorin.

Ya yi 'yar dariyar nan ta hanci.

Tsoron Dorin ya ƙone ƙurmus. Abin da ya taso masa tsohon abu ne, na shekaru, na kowane gidan mai da kowane filin hutu. Ya daki sitiyari da hannu biyu.

"Bogdaproste, ɗan banza! Bogdaproste! Karɓi tsiyarka ka tafi!"

Ko harafi ɗaya bai maƙale ba.

Birki ya kama gaba ɗaya. Ƙirjinsa ya bugi sitiyari. Kaya suka yi gurnani a baya, suka lafa.

Jar fitilar ta mutu.

An sauke numfashi a bayansa, dogo, irin na wanda ya daɗe a tsaye ya samu wurin zama.

Warin ya tafi.

Ƙofa ta buɗe da taɓawa ɗaya. Dorin ya sauka da rarrafe ta gefen hanya. Da ya haska, tayar gaba ta dama rabinta a kan iska take, ƙasa tana zubewa daga ƙarƙashinta kaɗan-kaɗan. Ya kwaso duwatsu ya cusa wa tayoyin baya. A kan wani dutse ya kwana, cikin ruwa, bai koma ciki ba.

Waɗanda suka kalla ba su daidaita a kan abin da suka gani ba. Gelu ya ce shi ba ya son a tambaye shi. Abin da aka lura dai, sunan nan ya mutu a hanya. Ba wanda ya sake kiran Dorin da shi, ko a bayan idonsa. Akwatin yana aiki har yau, lafiya lau. Hannun damansa ne bai sake yin ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara da safar hannu yake tuƙi. I'inarsa tana nan. Kuma bai yafe ba. In an ambaci Silviu sai ya tofar da yawu ya tashi.

Washegarin wannan dare, da gari ya waye, hazo ya ɗaga. Dorin ya tsayar da wata motar katako, suka ɗaura sarƙa suka ja tirelar baya. Direban motar katakon ya duba birki, ya ce bai ga abin da ya same shi ba.

Ya kira shagon Fanel.

"Ka je ka gaya wa ts-tsohuwar ya samu."

"Wa ya samu me? Kai, giya ka sha da sassafe?"

"Ita ta sani."

Ya kashe waya. Ya hau mota, ya fizge labulen gadon har da ƙarfensa, ya wurga shi cikin kwazazzabo. Sannan ya tada inji ya kama hanyar Brasov.