Bayan Katangar Yamma

Ƙarfe goma sha biyu na rana zafi ya kai digiri hamsin da ɗaya a birnin Sabuwar Marke, sai na'urar da ake kira Sanyaya ta kama aiki. Bututun yumɓu ɗari huɗu da ke binne a bangon makarantar firamare ta Unguwar Magina suka fara zufa, iska ta ratsa su ta fito da sanyi. Yara dubu da ɗari biyu suka ci gaba da karatu, babu mai fifita da littafi.

Injiniya Lantana Sidi ce ta ƙera na'urar a shekarar 2091, kuma ba ta ɓoye inda ta samo dabarar ba: randar gwaggonta Kande, mai ginin tukwane, wadda ta rene ta. Randa na zufa, ruwa ya yi sanyi. Lantana ta haɗa wannan da ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ga na'ura mai shan kashi ɗaya cikin biyar na wutar da tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki ke sha. Kamfanin wuta ya yi wa makarantar rangwame mai tsoka, da sharaɗin a miƙa masa makunnin, ya riƙa sarrafa ta daga hedikwata. Ba don rangwamen ba, da makarantar ta rufe duk bazara kamar sauran.

Abin da ba a faɗa ba ranar bikin kunnawa shi ne, zafi ba ya mutuwa, ƙaura yake yi. Duk abin da Sanyaya ta zuƙe daga azuzuwa sai ta fesar da shi wani wuri. Ƙwaƙwalwar ta duba taswirar birni, ta ga bayan katangar yamma ta makarantar fili ne fetal, ta juya dukan bakunan fitar zafi can. A ƙasa kuwa gidajen magina ne goma sha ɗaya, gadon kaka da kakanni, na mutanen da ba su taɓa ganin dalilin kai gidan ubansu ofis a rubuta ba. Lantana ta san haka sarai, a can aka yanke mata cibiya. Ba ta dai duba ba ne, hankalinta na wajen masu yi mata tafi.

Wata Laraba ta je gaida Gwaggo. Tun daga zaure iska ta mare ta kamar an buɗe tanda. Sababbin tukwane duk sun tsattsage kafin su bushe. Tsohuwar na kwance a tabarma, numfashi na fita da ƙyar. Lantana ta tsoma moɗa a randa, ta ji ruwan da ɗumi.

"Gwaggo, tun yaushe ake haka?"

"Tun da aka kunna abin nan naki."

"Shi ne ba ki aiko an gaya mini ba?"

"Haba 'yar nan. Duk gari na yabonki, ni ce zan fara kai ƙararki? Maƙwabta ma ni na hana su. Na ce aikin 'yata ne, a yi haƙuri."

Lantana ta nufi ofishin shugaban makarantar, Malam Jibo, ko sallama ba ta yi ba.

"Malam, a kashe ta yanzu."

"Injiniya, makunnin ba ya hannuna. Tare muka sa hannu aka miƙa shi." Ya nuna mata aji ɗaya ta taga. "Ko da yana hannuna, in an kashe ta rangwame ya tafi. Waɗannan ina zan kai su?"

Ta kira kamfani. Muryar na'ura ta amsa cikin ladabi cewa babu mai rajista a bayan katangar yamma, kuma juya bakunan zafi na buƙatar bincike na mako shida. Ta koma ta durƙusa gaban Gwaggo, ta roƙe ta su tafi gidanta.

"Ƙasar tukwanena na jiƙe, in na tafi bushewa za ta yi," in ji tsohuwar. "Ki bar yara su yi karatu."

Ranar Juma'a bayan la'asar Gwaggo Kande ta cika.

Izinin kamfani ya iso daidai lokacin da suka faɗa, ana tsakar rabon wainar sadakar arba'in. Bakunan suka juya sama a hankali, iska ta sauya a tsakar gida, mata suka yi ta hamdala. Da yamma, bayan mutane sun watse, Lantana ta je gindin randar ta ɗebo ruwa. Ya yi sanyi ƙarara, irin na ƙuruciyarta. Ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye moɗar.