Kular Manjo

Ranar Asabar da hantsi Habiba ta shigo caji ofis na Doguwa riƙe da yagaggen mayafi. Bayanta akwai Ubale, wan marigayi mijinta, wani ƙaton dillalin gawayi mai muryar da ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

Sufeto Mujitaba ne a bakin aiki. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a, kuma bai taɓa yi wa macen da ta kawo irin wannan ƙara kallon maƙaryaciya ba. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa.

"Malama, faɗa min abin da ya faru, a hankali."

"Ni nake dafa wa sojojin Falgore abinci," in ji ta, idonta a ƙasa. "Ranar Alhamis da azahar na kai wa Manjo Abdulmalik abincin rana a ɗakinsa. Ya rufe ƙofa, ya neme ni da lalata. Na ƙwace, ya yaga min mayafi."

"Wa ya gani?"

"Ni na ganta ta fito tana kuka!" Ubale ya yi caraf. "Sojojin duk sun tafi rakiyar 'yan kasuwa, shi kaɗai ne a sansanin."

"Ba kai na tambaya ba, Malam Ubale."

Kafin Habiba ta gama dangwala yatsa a takardar bayani, wani saƙon murya da aka naɗa tana ba da labarin ya riga ya zaga wayoyin mutane tun daga Riruwai har Bebeji. Mujitaba ya saurari saƙon sau uku. Abin da ta faɗa masa ne, kalma ba ta kauce wa 'yar'uwarta ba, kamar hadda. Wannan ya tsaya masa a rai, amma hadda ba hujja ba ce. Tsoro ma yana sa mutum ya yi bitar maganarsa.

Ranar Litinin ya samu izinin ganin Manjo. An riga an karɓe masa jagorancin sansanin, yana zaune a ɗaki yana jiran kwamitin bincike daga Kano. Wannan ne mutumin da ɓarayin shanu da masu sare dajin Falgore ke jin sunansa su canja hanya. Yau ga shi da jallabiya, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi.

Ya zuba wa Mujitaba shayi, shi bai zuba wa kansa ba.

"Ranka ya daɗe, ina kake ranar Alhamis da azahar?"

"A nan, ni kaɗai. Ba ni da shaida sai Allah."

"Me ke tsakaninka da Habiba?"

"Mijinta ɗan sa-kai ne. A hannuna ya cika, a cikin dajin nan. Ni na nema mata aikin girki don ta riƙe 'yarta." Ya dubi Mujitaba. "Sufeto, kakin nan su karɓa in suna so. Mahaifina nake ji. Malam Ja'afar na Kiru, shekara arba'in yana limanci. Wani ya kunna masa saƙon nan a gaban jama'a, ya yanke jiki ya faɗi. Ya aiko min cewa kada in kira shi, kada in taka gidansa, sai an wanke ni. In ka samu gaskiya, don Allah shi za ka fara kai wa."

Mujitaba ya yi alkawari. Da ya fito sai ya zaga bayan sansanin, inda hayaƙin murhu ke tashi. Wata dattijuwa, Kande, abokiyar aikin Habiba, tana tsame tsamiya a ƙwarya.

"Sannu da aiki, Baba. Kunu da rana tsaka?"

"Na Manjo ne, ɗan nan. Da shi yake buɗa baki."

"Azumi yake yi?"

"Af! Litinin da Alhamis ai ba ya ƙetare su. Ba ya son a sani, ko yaransa sojoji ba su sani ba. Amma mai girki wa zai ɓoye mata? Ga kularsa can a kife. Ranakun nan ba ta motsi sai rana ta yi ja."

"Alhamis ɗin da ta wuce fa?"

Kande ta saki ludayi. Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa.

"A kife ta wuni. Wallahi a kife ta wuni. Ni dai ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ina tsoron bakin Ubale."

Washegari ya sa aka kira Habiba ita kaɗai. Ubale ya biyo ta, aka tsayar da shi a kantar ofis yana ta bambami. Mujitaba ya ajiye kular a kan tebur.

Habiba ta kalle ta, sai ta fashe da kuka irin na wanda ya daɗe yana jiran a kama shi.

"Kin san ba ya cin abincin rana ranar Alhamis?"

"Na sani, Yallaɓai. Shekara biyu ni nake dama masa kunu."

"To me ya sa kika ce Alhamis?"

"Yaya Ubale ne ya zaɓi ranar, don sansanin ba kowa. Shi ya tsara maganar, shi ya yaga mayafin. Ya ce in na ƙi zai ɗauke 'yata Rufaida, tunda jininsu ce, ba zan sake ganinta ba. Shekararta huɗu, Yallaɓai, ita kaɗai ya bar min." Ta share fuska da gefen zani. "Da ya ce Alhamis, na yi shiru ban gyara masa ba. Na ce ko Allah zai sa wani ya lura."

Mujitaba ya ajiye biro. Ya ji tausayinta, ya kuma ji haushinta, ya rasa wanda ya fi yawa. Gobe wata za ta zo da gaskiyarta, mutanen gari su tuna da wannan su yi mata dariya.

Aka shigo da Ubale. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce da idonsa ya ga kular a hannunta.

"Wace kula? Wannan da ta wuni a kife? Mutumin yana azumi, Malam Ubale."

Ubale ya daina rantsuwa. Ya dubi Habiba, ya dubi kular, sai ya zauna daɓas a kan benci.

"Mota shida ta gawayi ya mayar min," ya ce, muryar ta yi ƙasa a karo na farko. "Ya hana mu shiga dajin. Na aika masa da rago, ya dawo min da shi. So nake kawai a ɗauke shi daga nan, a kawo wani."

Aka sa masa ankwa, kofur ya tasa shi gaba zuwa bayan kanta. Habiba ma aka rubuta mata nata laifin, aka ba da belinta ga Kande.

Lokacin la'asar ta yi. Mujitaba ya ɗauki waya zai kira Kiru, sai ya fasa. Ya ce a ransa tsoho irin Malam Ja'afar ba zai gamsu da muryar waya ba, tunda muryar waya ce ta kayar da shi. Gara takarda mai hatimi. Dipi'o kuwa, shugaban ofishin, yana taro a Kano, sai da safe ya sa hannu.

Ranar Laraba ya kama hanya, ya wuce Tudun Wada ko karyawa bai tsaya yi ba. Ya isa Kiru wajen sha ɗaya. Tun daga bakin layin ya hangi tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan, da takalma jibge, da mutane suna shafa fatiha.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Manjo Abdulmalik yana zaune a gefe, da ƙasar maƙabarta a ƙafarsa. Mutane suna yi masa gaisuwa suna kauce wa idonsa. Mujitaba ya durƙusa, ya miƙa masa takardar da hannu biyu.

Manjo ya karanta har ƙasa. Ya ninke ta a hankali.

"Yaushe ta faɗi gaskiyar?"

Mujitaba ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi.

"Jiya, ranka ya daɗe. Kafin la'asar."

Manjo ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Bayan sallar asuba ya cika," ya ce. "Hajiya, mahaifiyata, ta ce tun jiya da magariba ya sa aka ajiye masa wayar kusa da kunnensa. Yana ta tambaya, har yanzu ba a kira daga Doguwa ba?"