Rariyar Mai Haɗi

Ni mai injin niƙa ne, kuma mai niƙa yakan san cikin gidan mutum ba tare da ya leƙa ba. Abin da aka kawo maka a roba shi zai gaya maka ko gida na cikin wadata ko lallaɓawa ake yi. Don haka idan na ce na san labarin Mai Haɗi daga tushe, ba a bakin 'yan gulma na tsinta ba. A injina aka niƙa arzikinsa, kuma a kan bencin ƙofar shagona ya zauna daga baya ya amayar mini da sauran da bakinsa.

Sana'arsa garin kayan miya ce. Ya sayo albasa, karas, tumatir, tattasai, kabeji da lawashi, shi da matarsa su yanka su siri-siri, su baza a farantai, su rufe da raga saboda ƙuda, su bar wa rana. Ba ya kwashewa sai yanki ya karye ƙas a tsakanin yatsu. In ya lanƙwashe bai karye ba, to da saura. Sai ya kawo mini in niƙa, ya koma gida ya tankaɗe, ya zuba garin tafarnuwa da citta da masoro da gishiri. Cokali ɗaya a ruwan zafi, ka sami romo kamar an wuni ana dafa ganye. Yana da wani haɗin kuma na barbaɗawa a kan komai, daga ƙwai har gasasshen kifi.

Sai dai mai haɗa gari ba ya iya ɗanɗana aikinsa. Wanda ya wuni yana shaƙar citta da tafarnuwa, harshensa ya gaji, ko gishiri ya yi yawa ba zai ji ba. Saboda haka duk sabon haɗi sai wani na gida ya lasa kafin a ɗura a kwalba. Yawanci tsohuwarsa ce, wadda kowa ke kira Inna. Za ta dangwala da yatsa, ta juya baki, ta ce, "Kai, wannan gishirin da fushi ka zuba shi?" A yi dariya, a ƙara garin karas a gyara.

Kayansa masu kyau ne, wannan ko maƙiyinsa ya sheda. Amma kasuwa ba ta san kyau ba. Mata sun fi son dunƙulen kamfani mai takarda mai ƙyalli, nasa kwalaben kuwa sai su yi wata a kan tebur. Abin ya riƙa cin sa. Ya tsaya a ƙofar shagona yana hararar motar kamfani yana cewa, "Mai inji, dubi wannan. Gishiri da kala kawai, amma har layi ake yi. Ni da nake yanka karas har yatsuna su tsage, me na tsinana?" Na ce masa ya yi haƙuri, ai ana ci ana sha a gidansa. Ya ce haƙuri ya ishe shi. Wani dillalin kwalabe, mutumin da ban taɓa yarda da idonsa ba, shi ya kwatanta masa wurin wani boka, ya ce ya tafi da rariyarsa.

Da rana tsaka ya je. Ɗaki ne a bayan wani kango, ba taga, ƙofar sai an sunkuya. Abin da ya fara ba shi tsoro shi ne ɗakin ba ya warin komai. Ga hayaƙi na tashi a kasko, ga fatu, ga tukwane a kife, amma hancin da ke gane citta daga bakin titi bai ji komai ba. Bangon kuwa cokula ne rataye, na katako da na ƙarfe, sun fi ɗari, kowanne an ɗaure masa wuya da jan ƙyalle. A sama an ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, an jera busassun harsunan dabbobi kamar shanya.

Bokan siriri ne, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ya miƙa hannu ya karɓi rariyar.

"Kana so a ci naka a kasa cin na kowa," in ji shi.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Daɗi ba ya faɗowa daga sama. Daga wani wuri ake ɗebo shi."

Mai Haɗi ya ce, "Ni dai ba na son harkar jini."

"Wa ya ce maka jini? Ka ga jini a ɗakin nan?"

"Kuma ba na son a taɓa mini ran kowa."

"Ni ban ambaci rai ba, kai ka ambata. Mutum nawa ke ci daga tukunyarka?"

"Uku. Tsohuwata, matata, da 'yata."

Bokan ya tsoma rariyar a wata tukunya mai baƙin ruwa, ya ɗaga, ruwan bai zubo ta ramukan ba. Ya riƙe ta a kan hayaƙi yana kiran waɗansu sunaye ƙasa-ƙasa, ya ɗinke wani ɗan ƙulli na fata a cikin bakinta. Sannan ya ɗauko sababbin cokula uku ya rataye a bango, ba ƙyalle a wuyansu.

"Sharaɗi ɗaya ne. Duk abin da ka tankaɗe da wannan, kada ka lasa. Na gida ne zai fara lasa, wanda ke ci daga tukunyarka."

Mai Haɗi ya yi dariya har da ajiyar zuciya. "Ai dama haka muke yi! Shi ke nan? To me zan kawo maka?"

"Kada ka kawo komai. Zai iso da kansa."

Ya ga cokulan nan uku da idonsa, ya ji maganar nan da kunnensa, amma bai tambaya ba. Wanda ya ƙudurta abu a ransa ba ya son tambayar da za ta ɓata masa tafiya.

Haɗin farko Inna ta lasa. Ta sake dangwala, ta ce, "Ɗan nan, yau me ka sa? Tunda nake ban taɓa jin irin wannan ba." Cikin mako biyu teburinsa ya zama wurin turereniya. Matar da ta sa garin a miya sau ɗaya, mijinta ba ya ƙara cin girkin da babu shi. Masu gidajen abinci suka fara aiko motoci. Ya ɗauki mata goma masu yanka, ya sayi na'urar busarwa, ya buga takarda mai hotonsa a jikin kwalba, ya rushe gidan ya tayar da bene. Injina ya koma nasa shi kaɗai daga safe har la'asar, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin cinikin. Abu ɗaya ne bai taɓa bari ma'aikaci ya yi ba, tankaɗe. Wannan shi kaɗai, a ɗakin baya, da tsohuwar rariyarsa.

Inna ce ta fara cewa abinci ba gishiri. A ƙara, ta ce babu. Aka ba ta zuma ta ce ruwa ne, aka ba ta barkono ta tauna kamar ciyawa. Tsohuwar da ke tsokanar kowa a bakin murhu ta koma zama tana kallon kwano. "Ba na jin komai, ɗan nan," take cewa, "kamar ina tauna tsumma." Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Loma ta daina wucewa, in an matsa mata ta dawo da ita. Wata huɗu ta yi tana ƙanƙancewa, ranar da aka ɗauke ta mutum biyu sun isa. Allah ya jiƙan Inna, ta tafi da yunwa a gidan da ƙamshinsa ke cika unguwa.

Tun kafin ta rasu haɗin da ta lasa ya daina kama kasuwa, sai ya miƙa wa matarsa cokali. Ya rantse mini cewa a lokacin bai gane ba. Wataƙila. Amma da matar ta ture kwano wata rana ta ce, "Maigida, yau miyar nan salam take," ya ce nan take ya tuna inda ya taɓa jin wannan maganar.

Ya yi dabara. Ya kira ɗaya daga cikin masu yanka ya ba ta ta lasa, haɗin ya fito kamar garin katako, aka dawo masa da kwalabe. Ya ajiye rariyar ya sayi sabuwa, masu saye suka ce ya canza hannu, suka yi masa ca. Kwana tara ya daure. A na goma ya koma ɗakin baya, ya fito da cokali ya ce, "Uwargida, taimaka ki lasa mini, na yau kawai." Ta lasa. Na gobe ma ta lasa.

Ita ba ta tafi shiru kamar Inna ba. Neman ɗanɗano ya taɓa mata hankali. Aka fara kama ta tana lasar toka, tana gutsurar sabulu, tana cusa gawayi a baki. Wata rana da hantsi ta shigo shagona ba mayafi, matar da ko muryarta ba a ji a waje, ta durƙusa tana suɗe ƙurar barkonon da ke jikin injin. Ta ɗago ido jajur ta ce, "Mai inji, kai kana jin yaji? Gaya mini yadda yake, na manta." Na kashe injin na fita waje na yi kuka. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita, ba ta cika wata biyu a hannunsu ba.

Ya koma wurin bokan da rariyar a hannu. Biyu daga cikin cokulan nan an ɗaure musu jan ƙyalle.

"Karɓi abinka. Na fasa."

"Ba a dawo da ita. In ba ka so, rataye ta, kada ka ƙara tankaɗe da ita. Ba wanda zai bi ka."

"Shi ke nan? 'Yata za ta tsira?"

"Za ta tsira. Kai kuma ka koma kan teburinka na da."

Ku ji fa. Ba a ɗaure shi ba, ba a yi masa barazana ba. An buɗe masa ƙofa, aka ce ya fita.

'Yar tasa budurwa ce, tana karatun aikin jinya a wani gari, ta dawo gida zaman makoki. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Uwata. Ita kaɗai ta rage masa, kuma ina shaida yana sonta. Ya rataye rariyar. Mako uku motoci na zuwa suna komawa wayam, masu yanka suka fara watsewa, mutanen da ke rusuna masa suka koma gaishe shi daga nesa. Sai ga wani babban ɗan kasuwa ya zo da maganar zai riƙa kai garin ƙasashen waje, in dai irin na da ne.

Ranar wata Talata ya kawo mini niƙa da kansa, buhu biyu, bai kalle ni ba. Ya shiga ɗakin baya ya tankaɗe. Ya ɗebi cokali ya nufi ɗakin 'yarsa, ya tsaya a ƙofa, ya kasa. Ya dawo ya mayar da garin cikin roba. Sai ya ɗauki robar ya kai tsakar gida, ya ajiye a kan teburin da take zama tana karatu, ya bar ta a buɗe, ya fita.

Yarinyar da ta tashi a gidan haɗi ba ta wuce sabon haɗi ba tare da ta dangwala ba. Da ya dawo ta tare shi da murmushin da bai gani ba tun rasuwar uwarta. "Baba, ka koma aiki? Na lasa, wallahi ya yi daɗi. Hannunka na nan."

Kayan sun tafi, an ce har an yi rububinsu. 'Yar kuwa ta san aikin asibiti, don haka ta riƙa rubuta abin da ke samunta a littafi, ranar da ta daina jin zaƙi, ranar da ta daina jin ɗaci. Ya kai ta asibiti uku, ya sayar da benen da motocinsa, ya ƙona rariyar a tsakar gida. Ba abin da ya dawo. A kwanakinta na ƙarshe ita ke ba shi haƙuri, tana cewa, "Baba, ka daina kuka, ciwo ne, ba laifin kowa ba ne." Ta rasu ba ta sani ba.

Yanzu yana nan yana yawo, riga ɗaya, ƙafa ba takalmi. Wani lokaci ya zo ya zauna a bencina, ya ba ni labarin daga farko, tiryan-tiryan kamar mai hankali. In ya iso ƙarshe sai ya kama hannuna ya ce, "Mai inji, ban ba ta ba. Kai shaida ne, ban miƙa mata ba. Murfi kawai na manta."

Shekara ashirin ina niƙa wa mutumin nan, kuma mai garin kayan miya ba ya barin roba a buɗe ko na minti ɗaya, don iska na shiga gari zai dunƙule. Bai taɓa mantawa ba sai ranar.

Kai da ke zaune kana ƙyashin cinikin wani, kana jin sana'arka ta yi maka kaɗan, ka kiyayi duk wanda zai ce zai ba ka arziki kada ka kawo komai. Ya riga ya ƙirga mutanen gidanka. Kuma ba shi zai zo ya ɗauke su ba, kai za ka miƙa su da hannunka, ɗaya bayan ɗaya, kana gaya wa kanka na yau kawai.