Doka Ɗaya a Hanyar Sakwa

Dab da magariba babur ɗin Abdulrashid ya mutu a hanyar Sakwa, yana dawowa Azare daga duba gona. Ga Kaltum matarsa ta ja masa kunne kada ya kai dare.

Abdulrashid mutum ne mai kafiya, Allah Ya sani. Duk Juma'a suna wani wasa da abokansa: mutum ɗaya ya tsara labari, sauran su zama mutanen cikinsa, a jefa ƙwayar lido a ga ko abin da suka nufa zai yiwu. Najmuddeen, wanda ya koya musu, yana da littafin dokoki shafi sittin: yadda ake ɗaukar sunan aro, abin da ba a nema, yadda ake tashi. Abdulrashid kuwa ya ce wannan karatun jarrabawa ne, ba wasa ba. Doka ɗaya ta isa: faɗi buƙatarka, ka jefa, in huɗu ta fito ko fiye, ta tabbata. Har gaba suka yi a kan haka.

Yana ta buga babur sai ya ji sallama. Mutum uku ne a kan tabarma a gindin kuka, da faranti a tsakaninsu. Wari kamar na ƙonannen gashi yake tashi a wurin. Dattijon cikinsu ya ce sun ji labarin wasansa, ya koya musu mana kafin injin ya huce.

Kai, ɗan Adam da son yabo! Bai tambayi a ina suka ji ba. Ya ciro ƙwaya daga aljihu, ya zauna, ya faɗa musu dokarsa. Dattijon ya tambaya ko ita ke nan. Ya ce ita kaɗai. Aka tambayi sunan da zai yi wasa da shi, ya ce ba ruwansa da na aro, ya ba da nasa har da na mahaifinsa.

Na farko ya ce yana so iska ta tsaya. Ya jefa, ƙwaras, biyar.

Ganyen kuka ya daina motsi.

Na biyu ya ce yana so kada a ji kiran sallah. Shida. Ladanin da ya soma daga wani ƙauye can nesa ya yanke a tsakiyar kalma.

Abdulrashid ya dubi mutanen. Sai yanzu ya lura hannuwansu ba su da farce.

Dattijon ya ɗauki ƙwaya. "Ni sunanka nake so," ya ce a hankali. "Duk wanda ya san ka da shi, ya manta."

"Baba, ba a taɓa mai ba da labari."

"Wace doka ce wannan? Ka ce ɗaya ce."

Abdulrashid ya lalubi shafi sittin ɗin nan a kansa, babu ko layi da yake da ikon kamawa. Da bakinsa ya soke su. Ya roƙi a bar shi ya fara jefawa, tunda baƙo ne. Dattijon ya miƙo masa. Ƙwayar ta yi sanyi ƙalau.

Ya ce yana so ya koma gida. Ya jefa.

Huɗu.

Babur ya tashi da kansa. Ya haye ko takalmi bai ɗauka ba.

A bayansa ya ji ƙwaras a faranti. Bai waiwaya ba.

Ya shigo Azare ana sallame magariba. Ya gai da mai shayin bakin layinsu, mutumin ya amsa masa irin amsar da ake yi wa matafiyi. Najmuddeen ya fito daga masallaci, suka haɗa ido, ya wuce abinsa. Abdulrashid ya ce a ransa ai gaba ce, gaba ce kawai, tsoro kuwa ya cika shi.

Ya buga ƙofar gidansa. Kaltum ta leƙo, ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafi.

"Sannu, Malam," ta ce. "Wa kake nema?"

Ya buɗe baki zai faɗa mata ko shi wane ne. Ya daɗe a tsaye, bai tuna ba.