Cikin da Ba Ya Motsi

Ranar da aka ɓamɓare Mansura daga jikin uwarta, ko kallabi Suwaibatu ba ta samu ɗaurawa ba. Yarinya na tsala ihu, baffanta Gide na jan hannunta, maƙwabta sun yi cirko-cirko. Laifin Suwaibatu? Damina biyu da rasuwar mijinta Nasir, ga cikinta kuma yana ta tasowa. Gide kuwa, wanda ba a ɗaura aure ko cinikin gona a Yankara sai da shaidarsa, ya rantse ya ga namiji yana fita daga ɗakinta. Allah sarki! Kowa ya san gonar marainiya tana bin mai riƙonta, amma wa zai faɗa?

Daga nan duniya ta yi mata ƙunci. Masu sayen ƙulinta suka ɗauke ƙafa, in ta doshi famfo sai hira ta mutu. Takan laɓe bayan dangar Gide don kawai ta ji muryar 'yarta, ta dawo tana sharar hawaye... Goggo Mero, ƙanwar mahaifinta, ta ba ta shawara: ta fito ta ce kwantaccen ciki ne, na marigayi, da ya yi barci yanzu ya tashi. Malamai sun yarda da hakan, magana ta ƙare, a maido mata 'yarta.

Suwaibatu ta ƙi, ta ce: "Goggo, na yi ciki, na san motsinshi. Wanga ba ya motsi. Ba ni jingina ma mamaci abin da ban san ko mine ne ba."

Hoton da aka yi mata a Kankara ya nuna babu ɗa, sai wani duhu da ba a gane ba. Maimakon Gide ya ji kunya, sai ya ce ai zubarwa ta yi, saura ne ya maƙale. Wai kuma ɗan'uwa ke nan! Ciwo ya ci gaba da cinta har ta faɗi a bakin murhu, aka tura ta babban asibiti a Zariya.

A can wata likita, Fatima Zahra'u, ta nemi yardarta a gwada wata sabuwar allura da suke bincike a kai. Ta ce a cikin ruwan akwai ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, ƙurar gari ma dutse ce a kansu. Suna bin jini su je su taru a jikin mugun nama, sai ya fito fili a na'urori biyu: ɗaya ta nuna inda yake, ɗaya ta nuna ko yana girma. Suwaibatu ta miƙa hannu, ta kwanta cikin na'urar da ke ƙara kamar injin niƙa, tana ta hasbunallahu.

Da aka haɗa hotunan, abin ya haska a gefe guda, a wajen mahaifa. Ciwon daji ne, amma bai bazu ba, zai ciru. Sai Suwaibatu ta ɗaga hannu ta ce Alhamdulillahi, hawaye na zuba. Likitar ta kawar da kai... ba ta taɓa ganin wanda ya yi murnar wannan labari ba.

Bayan aikin tiyata aka je gaban alƙali a Faskari, likita ta yi bayani, Gide ya kasa kawo ko shaida ɗaya. Suwaibatu ta yafe masa bulalar ƙazafi, amma alƙali ya karɓe riƙon Mansura da gona daga hannun Gide, ya ce ba a sake karɓar shaidarsa. Yanzu in ana ɗaurin aure, daga bayan sahu yake tsayawa.

Da aka kawo Mansura, ta tsaya tana kallon cikin uwarta da ya lafe.

"Inna, ina jaririn da aka ce?"

Suwaibatu ta durƙusa a hankali saboda ɗinki, ta rungume ta. "Babu wani jariri, ɗiyata. Ke ɗai gare ni, kuma ga ki."